Ina tsakiyar birnin Sakkwato ta dosa nan da shekara talatin?

Ɗan_Kanwuri:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina roƙon masana da dattawan wannan zaure su taya ni dubawa. A cikin gari aka haife ni, kusa da fadar Sarkin Musulmi, kuma neman abinci yana sa ni ratsa birnin nan safe da yamma. Abin da nake gani shi ne gari yana ta miƙewa ta kowace fuska, daga Arkilla da Bado har zuwa Mabera da Tamaje da Dambuwa da Kwannawa, amma idan gari ya waye duk mutanen waɗannan unguwanni wuri ɗaya suke dosa, wato kasuwa da tasha da asibiti da ofisoshi, alhali titunan da ke ɗauke da su, irin su Ahmadu Bello da Abdullahi Fodiyo da Sarki Yahaya, suna nan yadda muka san su. To nan da shekara talatin, yaya tsakiyar birnin nan za ta kasance? A ci gaba da faɗaɗa tituna da gina gadojin sama ne, ko a fitar da kasuwa da tasha bayan gari, ko kuwa akwai wata hanya da ban hango ba?

Alhaji_Gawon_Nama:
Wa alaikumus salam. Malam, ni a ganina amsar a fili take. Wanda ya san yadda mahaɗar Rijiyar Ɗorowa da ta Runjin Sambo suke kafin a yi musu gadar sama, ya san an samu sauƙi. A ƙara irinsu a sauran manyan shatale-tale, a faɗaɗa titunan da suka matse, a biya mutane diyyarsu. Haka Kano ta yi, haka Kaduna ta yi.

Injiniya_Arkilla:
Alhaji, ranka ya daɗe, ban musa cewa gadojin nan sun yi amfani ba, domin ni ma ina bin su. Sai dai gadar sama mahaɗa ɗaya take warwarewa, motocin da ta saki kuma sai su tarar da juna a mahaɗa ta gaba. Bayan haka, duk lokacin da hanya ta yi sauƙi, wanda a da yake barin motarsa a gida sai ya fito da ita, wanda yake kauce wa tsakiyar gari sai ya koma ratsa ta, kafin wasu shekaru titin ya sake cika. An ga haka a manyan birane da yawa, har da waɗanda suka fi mu kuɗi nesa ba kusa ba.

Lissafin da ya kamata mu yi shi ne na mutane nawa titi yake ɗauka a awa guda. Bas ɗaya babba tana ɗaukar mutum hamsin a zaune. Idan kabu-kabu ne zai kwashe su bibbiyu, ana bukatar babur 25, kowane da hayaƙinsa da wurin tsayawarsa. Legas ta fara bas mai keɓaɓɓen layi a 2008, kuma abin da ya sa tsarin ya karɓu shi ne bas ɗin tana wucewa yayin da sauran motoci ke tsaye, har mai mota ya fara tunanin ajiye tasa. Sakkwato ba ta kai Legas cunkoso ba, kuma wannan shi ne damarmu, domin har yanzu ana iya ware layi a kan manyan hanyoyi uku ko huɗu, daga Kwannawa zuwa kasuwa, daga Kalambaina ta Arkilla zuwa tsakiyar gari, daga jami'a zuwa cikin birni, ba tare da an rushe unguwa guda ba.

Amma abin da ya fi damuna yana bayan gari. A yau ana yanka gonaki ana sayar da fuloti, kowane mai gona yana barin lungun da bai wuce amalanke ta wuce ba, don ya fitar da fuloti ɗaya ko biyu ƙari. Idan aka shata manyan hanyoyi yanzu, aka kafa duwatsun iyaka aka hana gini a kansu, ko da ba a zuba kwalta ba sai bayan shekara ashirin, kuɗin da za a kashe kaɗan ne, tunda gona ake biya. Idan aka bari sai an gina, gidajen mutane za a biya, da kuka da shari'a da ƙiyayya. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, akwai dokar tsara birane ta ƙasa ta 1992, akwai kuma hukumar tsara birane a jiha. Wahalar ita ce birnin ya riga ya fita daga Sakkwato ta Arewa da Sakkwato ta Kudu ya shiga Wamakko da Dange-Shuni da Kware, don haka dole taswira ɗaya ta haɗa su duka.

Tsohon_Direba:
Injiniya, maganarka ta bas tana da kyau a takarda, amma ni na tuƙa irin waɗannan motoci shekaru masu yawa kafin ƙarfi ya ƙare. Sayen bas ba shi da wuya, riƙe ta ne aiki. Na taɓa ganin motar da nake tuƙawa ta yi wata huɗu a ajiye saboda ƙaramin ƙarfe na birki da ba a saya ba, rana ta busar da tayoyinta, aka fara cire mata batir da madubi ana sa wa 'yan uwanta, daga nan ba ta sake tashi ba. Idan ba a fara da gareji da makanikai da kayan gyara da amintaccen mai karɓar kuɗi ba, to bayan shekara uku gawarwakin motoci za a tara. Sannan fasinjan garin nan ya saba a sauke shi a ƙofar gidansa, sai an yi haƙuri da shi kafin ya koyi tsayawa a tasha.

Mai_Kabukabu_Gagi:
Ina gaida Baba Tsohon_Direba, kuma ina neman afuwa in sa baki cikin maganar manya. Duk lokacin da aka tashi zancen gyaran gari, mu ne ake fara kallo a matsayin matsala. Da wannan babur nake ciyar da mutum bakwai, kuma da yawa daga cikin abokan sana'ata sun baro garuruwansu ne a gabashin jihar nan, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah, saboda rashin tsaro. Kano ta hana acaɓa a 2013, mun ji yadda aka sha wuya kafin masu Keke Napep su cike gurbin. Ina son Injiniya ya gaya mini wace bas ce za ta shiga lungunan Gagi ko na cikin gari ta ɗauko tsohuwa mai ciwon ƙafa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mu da fasinja duka muna jin jiki, mutane da yawa sun koma tafiya a ƙasa.

Injiniya_Arkilla:
Ɗan uwa, ka yi gaskiya, kuma ban ce a kore ku ba. Tsarin da nake nufi ba zai yi aiki ba sai da ku: bas ta riƙe doguwar hanya, ku da masu Keke ku ɗebo mutane daga lungu ku kawo su bakin titi, a yi muku wurin tsayawa mai inuwa a kowace tasha. Gajerun tafiye-tafiye masu yawa sun fi doguwa ɗaya riba idan aka lissafa man da ake ƙonawa. Baba kuma, gargaɗinka shi ne ginshiƙin maganar. A ganina gwamnati ta gina layi da tashoshi ta sa doka, ta bar ƙungiyoyin direbobi da 'yan kasuwa su mallaki motocin bisa yarjejeniya, domin mai abu shi ke kwana da tunanin birkinsa.

Malama_Mabera:
Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma na lura ana ta maganar abin hawa an manta da mai tafiya da ƙafa, alhali mu mata da yara da tsofaffi yawancinmu a ƙasa muke tafiya. Ina koyarwa a makarantar firamare. A watan Agusta, idan aka kwana ana ruwa, layinmu yakan zama tafki, sai ka ga yara sun cire takalma sun ɗora jaka a ka, suna taka bulolin da matasan unguwa suka jera, ƙaramin cikinsu yana riƙe da gefen hijabin yayarsa. Ranar da aka yi haka rabin ajina ba ya zuwa, bayan sati biyu kuma zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da wasu. Unguwar ta cika ne kafin a fitar mata da hanyar ruwa, wanda shi ne ainihin abin da Injiniya yake gargaɗi a kai game da sababbin unguwanni.

Da bazara kuma wata azabar ce. A watan Afrilu zafin garin nan yana haura maki 40, kuma akwai titunan da za ka yi tafiyar minti ashirin ba ka samu inuwar bishiya ɗaya ba. Tsofaffin titunan da magabata suka dasa wa dogonyaro har yau su ne masu daɗin bi. Roƙona shi ne duk titin da za a yi nan gaba a ɗauki magudanar ruwa da gefen masu tafiya a ƙasa da bishiyoyi a matsayin jikin aikin, a kuma hana masu shaguna da masu ajiye mota mamaye gefen, domin idan suka mamaye, kan kwalta muke komawa mu yi gogayya da babura da goyo a bayanmu.

Alhaji_Gawon_Nama:
Malama, Allah ya saka da alheri, wannan magana ta shige ni. Amma ina nan a kan bakana cewa akwai mahaɗun da ba su da magani sai gada, musamman inda manyan motoci ke haɗuwa da ƙanana.

Mai_Albasa:
Bari in taɓo ɓangaren da Ɗan_Kanwuri ya tambaya ba a amsa ba, wato fitar da kasuwa. Na gaji kasuwanci, kuma ina lodin albasa zuwa Kudu. Kasuwa ba gini ba ce da za a ɗauka a ajiye inda aka ga dama, mutane ne da sabo da bashi da amana. Mai sayen kayan miya na yini ɗaya ba zai biya kuɗin mota zuwa bayan gari ba, kuma idan aka tilasta wa 'yan kasuwa tashi, a bakin titi za su dawo su baza kaya, cunkoson ya fi na da. Abin da ya kamata a raba shi ne sari da sayarwa ɗai-ɗai. Tirelar albasa da ta hatsi da ta shanu da ta siminti daga Kalambaina ba su da abin yi a tsakiyar gari da rana tsaka. A yi mana babban wurin lodi da rumbunan ajiya a bakin baifas, da ruwa da tsaro da masallaci, ƙananan motoci su riƙa shigo da kaya da asuba ko da dare. Mu kanmu za mu fi so, domin direbana yakan ɓata rabin yini yana neman inda zai juya mota.

Kuma duk wanda ya ga gobarar babbar kasuwa a watan Janairun 2021 ya san cewa hanyar da motar kashe gobara za ta bi a cikin kasuwa ba wurin kafa rumfa ba ce, komai tsadar wuri.

Hajiya_Runjin_Sambo:
Na goyi bayan Alhaji Mai_Albasa. Zan ƙara da cewa idan kowace babbar unguwa tana da ƙaramar kasuwa mai tsari da asibitin sha-ka-tafi mai magani da makarantar sakandare ta kirki, rabin masu shiga tsakiyar gari kullum ba za su shiga ba. Ni kaina sau uku a sati nake zuwa Kasuwar Daji don abin da ya kamata in samu kusa da gida.

Tsohon_Ɗalibin_Dundaye:
Akwai abin da ba a ambata ba, shi ne kogi. Ina karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a watan Satumban 2010 lokacin da ruwan Rima ya yi ambaliya ya karya gadar hanyar jami'a, muka wayi gari makarantar da aka kafa tun 1975 ta yanke daga birnin da take ɗauke da dubban mutanensa kullum. Abin da na koya a lokacin shi ne wurin da ke da hanya ɗaya tak yana cikin haɗari komai kyan hanyar. Na biyu, fadamar da ke tsakanin gari da kogi ita ce wurin da ruwa ke shimfiɗa idan ya yi yawa, kuma ita ke ba mu shinkafa da albasa da kayan lambu. Idan tsarin shekara talatin bai ja layi ya ce daga nan ba a gini ba, to gidajen da za a gina a can ruwa zai ci, abincin da ake nomawa kuma a rasa.

Ɗan_Illela:
Ni kuwa ina ganin kuna duban ƙasa-ƙasa. An ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry a Illela a watan Oktoban 2024, mai tsawon kilomita 1,068, ga kuma layin dogo da ake shimfiɗawa daga Kano ta Katsina zuwa Maraɗi. Jirgin ƙasa ya tsaya a Ƙaurar Namoda tun 1929 bai ƙaraso mana ba. Idan wata rana ya iso, ina za a sa tasharsa? Birnin da Shehu ya gina ya cancanci jirgin cikin gari irin na Abuja, mu daina tunanin bas kawai.

Malamin_Tarihi:
Ɗan_Illela, ƙaramin gyara tare da girmamawa. Muhammadu Bello ne ya kafa birnin a 1809, Shehu kuma ya taso daga Sifawa ya zauna a cikinsa a 1815, ya rasu a 1817. Na kawo wannan ne domin yana da alaƙa da maganarmu: Sakkwato gari ne da aka zauna aka tsara, da ganuwa da ƙofofi da masallatai da kasuwa da unguwannin masu sana'a. Sunayen ƙofofin suna bakinmu har yau, Ƙofar Kware, Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku, Ƙofar Aliyu Joɗi, Ƙofar Kade da Ƙofar Dundaye, amma ganuwar da ta haɗa su gidaje da tituna sun cinye ta.

Shi ya sa maganar Alhaji_Gawon_Nama ta faɗaɗa tituna take ba ni tsoro idan ta shafi tsohon gari. Mutane suna zuwa Hubbare, inda kabarin Shehu yake, daga Nijar da sauran ƙasashen yammacin Afirka, kuma abin da suke zuwa gani shi ne wannan tsohon birni da zaurukan malamansa. Diyya tana biyan bulo da kwano, ba ta mayar da makwabtakar da aka yi shekara ɗari biyu ana ginawa, kuma iyalin da aka tasa daga kusa da Masallacin Shehu aka kai bayan gari sun zama ƙarin fasinjoji a kan titin da ake son a rage wa nauyi. A tsakanin fada da Hubbare da manyan masallatan biyu, na Shehu da na Bello, abin da ya dace shi ne a gyara lunguna da magudanai, a sa fitilu, a rage shigar motoci ranar Juma'a da lokacin bukukuwan Salla, a yi wurin ajiye motoci daga waje.

Injiniya_Arkilla:
Game da jirgin cikin gari, ina roƙon mu yi hattara. Na Abuja an buɗe shi a 2018, ya tsaya a 2020, bai dawo aiki ba sai 2024, kuma tashoshinsa da yawa suna nesa da inda jama'a ke zaune. Kuɗin kilomita kaɗan na dogo zai shimfiɗa layin bas a birnin nan gaba ɗaya. Amma tambayar Ɗan_Illela ta wurin tasha tana kan hanya: a keɓe filin tun yanzu, kusa da wurin lodin da Mai_Albasa ya nema, a bar masa hanya mai faɗi zuwa tsakiyar gari. Layin bas da aka ware yau shi ne zai iya zama layin dogo idan jikokinmu sun samu hali.

Ma'aikacin_Ƙididdiga:
Duk shawarwarin nan suna bukatar alƙaluma. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a ƙasar nan ta 2006 ce, lokacin da aka ƙirga mutum miliyan 3.7 a jihar, kuma tun daga nan an haifi wasu, wasu sun yi hijira sun shigo. Kafin a zana layi ɗaya, a tura ɗaliban jami'a da na kwalejin kimiyya da fasaha su tsaya a manyan mahaɗu su ƙirga abin hawa, su tambayi mutane daga ina suke, ina za su, nawa suke kashewa. Aikin wata uku ne, kuma zai raba gardamar da ke tsakanin Alhaji da Injiniya a kan wace mahaɗa ce take bukatar gada, wace ce danja da ma'aikaci mai tsayawa za su ishe ta.

Tsohon_Direba:
Ni abin da nake tsoro shi ne canjin gwamnati. Tun ina yaro garin nan yake hedikwata, daga Jihar Arewa maso Yamma a 1967 zuwa Jihar Sakkwato a 1976, kuma na ga ayyuka da yawa da wani ya fara wanda ya gaje shi ya bari. Tsarin shekara talatin zai ratsa gwamnoni aƙalla huɗu. Idan majalisar jiha ba ta mayar da shi doka ba, aka kuma sa masarauta da 'yan kasuwa da ƙungiyoyin direbobi suka zama masu tsaronsa, to filin da Injiniya ya keɓe wa hanya, wani mai ƙarfi zai wayi gari ya gina gidan mai a kai.

Ɗan_Kanwuri:
Na gode ƙwarai, na ƙaru fiye da yadda na zata. Har yanzu zuciyata ta rabu a kan tashar mota. Na yarda da Mai_Albasa a kan tireloli, amma motocin fasinja na Gusau da Birnin Kebbi da Illela fa? Idan aka raba su zuwa bakin kowace hanya, tsakiyar gari za ta numfasa, sai dai baƙon da ya sauka da kaya zai ƙara biyan kuɗi kafin ya isa kasuwa, kuma masu abinci da 'yan dako da 'yan kamasho da ke ci a tashar za su shiga wani hali.

Mai_Kabukabu_Gagi:
Yallaɓai, idan aka fitar da tashoshi kafin a kawo bas ɗin da ake magana, mu za mu samu aiki, amma talakan ƙauye da ya kawo mara lafiya asibitin koyarwa shi zai biya. A fara kawo abin hawa mai sauƙi, sannan a taɓa tasha.

Malama_Mabera:
Ni ma haka nake gani. Kuma ina roƙon Ma'aikacin_Ƙididdiga, idan har za a yi wannan ƙirga, a sa ɗalibai mata a ciki su shiga gidaje, domin akwai matan da ba za a gan su a mahaɗa ba saboda sun daina fita awo da asibiti tun da kuɗin abin hawa ya fi ƙarfinsu. A yi ƙirgar sau biyu, ɗaya a Afrilu ɗaya a Agusta, a zo layinmu a ga inda ruwa yake kwana.